Gasar Rubutu da Ƙaramar Maɗaba'a: Lissafin da Ya Taso Daga Zariya Ya Sauka Gure

Duk lokacin da aka buɗe gasar rubutu, adadi ɗaya ne ke yawo a bakin mutane: nawa za a ba wanda ya zo na ɗaya. A faɗe shi a rediyo, a yaɗa a Facebook da WhatsApp, a yi biki, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Amma tarihin ƙagaggun labaran Hausa na shekara casa'in ya ajiye mana wasu alƙaluma da suka fi kuɗin kyauta nauyi: littafi nawa aka buga bayan gasar, kwafi nawa suka shiga hannun masu karatu, marubuci nawa ne ya dawo da littafi na biyu. Wannan nazari zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya auna su a kan gari guda, Gure ta jihar Damagaram, don a ga ko ƙaramar maɗaba'a mai zaman kanta za ta iya ɗaukar nauyin gasa ba tare da ta durƙushe ba.

5: abin da gasar 1933 ta bari

A 1933 Rupert East, jami'in ilimi na zamanin Turawa da ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya nemi malaman Arewa su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Makarantu sun fara yaye masu karatu, abin karantawa kuwa bai wuce fassara da littattafan aji ba. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da suka fito tsakanin 1934 da 1935: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida tare da East ɗin kansa.

Biyar ba su da yawa, amma a dubi shekarun marubutan. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Ke nan ɗaya yana da shekara 22, ɗayan bai wuce 21 ba, dukansu sababbin malaman makarantar midil ne. Yau da wuya ka sami mai tuna nawa aka ba su. Littattafan kuwa har gobe ana karanta su a makarantu. An fassara *Shaihu Umar* zuwa Turanci a 1967, aka mai da shi fim a 1976.

Wanda hukumar ta fi riƙe hannunsa bayan gasar shi ne Imam. A 1936 East ya sa aka kawo shi Zariya suka zauna aiki tare, zaman da ya haifar da *Magana Jari Ce* mai juzu'i uku. A 1939 kuma ya zama editan Hausa na jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*. Cikin su duka, shi ya fi barin rubutu. Gasar ce ta gano shi, amma zama da edita da samun maɗaba'a a kusa su suka mai da rubutu sana'arsa ta tsawon rai.

45 da 12: dogon jira, ɗan girbi

Sai da aka shafe shekara 45 kafin a sake gasa mai nauyin ta farko. A tsakani an kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. An buga littattafai da dama, sai dai ƙagaggen labari jefi-jefi yake fitowa. Gasar da NNPC ta buɗe a 1978 ta haifar da littattafai uku a 1980: *Mallakin Zuciyata* na Sulaiman Ibrahim Katsina, *So Aljannar Duniya* na Hafsat Abdulwaheed, da *Amadi Na Malam Amah* na Magaji Ɗambatta. Bayanta sashen al'adu na gwamnatin tarayyar Najeriya ya shirya tasa, a 1982 aka sami ƙagaggun labarai huɗu: *Turmin Danya*, *Tsumangiyar Kan Hanya*, *Ƙarshen Alewa Ƙasa* da *Zaɓi Naka*.

A haɗa: 5 da 3 da 4, an sami 12 ke nan cikin shekara 49, wato kusan littafi ɗaya duk shekara huɗu daga hanyar gasa. Abubuwa biyu ne suka fito fili daga wannan 12.

Na farko, mace ɗaya ce tak a ciki. Babu ko ɗaya cikin biyar na farko, ɗaya cikin uku na 1980, babu cikin huɗu na 1982. Wannan ɗayar kuwa, Hafsat Abdulwaheed, ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, kuma labarin soyayyar da ta kawo ya share fagen abin da zai mamaye kasuwa bayan ƴan shekaru.

Na biyu, mutum ɗaya ne ya ci biyu cikin 12. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da *Mallakin Zuciyata* a 1980, *Turmin Danya* a 1982, sannan *Tura Ta Kai Bango* a 1983: littafi uku cikin shekara huɗu. Da gasa ta biyo gasa ba da jimawa ba, ga maɗaba'a a buɗe, sai marubuci ya sami inda zai zuba abin da ke cikinsa tun da zafinsa. Mutum zai iya tambayar kansa marubuta nawa irinsa suka tsufa da labaransu a ka cikin waɗancan shekaru 45.

Daga 12 zuwa ɗaruruwa: abin da kasuwa ta koyar

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta masu kasuwa tabbatacciya. Marubuta ba su zauna jiran gasa ba. Talatu Wada Ahmed ta fitar da *Rabin Raina* a 1984, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Budurwar Zuciya* a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da *In Da So Da Ƙauna* a 1991, aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. Jerin sunayen littattafan da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara na shekarun 1987 zuwa 2002 ya ƙunshi ɗaruruwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin waɗannan littattafai ya san yadda aka rage musu kuɗi. Siriri ne, takardarsa irin ta jarida, an ɗinke shi da waya biyu a tsakiya, kuma an yanka labarin kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. Cinikin na ɗaya shi ke biyan kuɗin buga na biyu. Marubucin shi ke biyan mai buga rubutu a na'ura, ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya raba wa masu sari a kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan littafin ya tsallaka Maraɗi da Damagaram.

Wannan adabi, wanda ake kira Adabin Kasuwar Kano, ya tabbatar da cewa masu karatun Hausa suna nan kuma za su sa kuɗinsu, ya kuma buɗe wa mata ƙofar da gasa ba ta buɗe musu ba sai da ƙyar. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne tacewa: ido na biyu da zai ce wa marubuci wannan babi ya yi tsawo, wannan kalma ba haka ake rubuta ta ba. Gasa tana da zaɓe da tacewa amma ba ta da yawa. Kasuwa tana da yawa amma ba ta da mai tacewa. Gurbin ƙaramar maɗaba'a yana tsakanin su biyun.

1 cikin 7: Nijar a gasar Hikayata

A 2016 sashen Hausa na BBC ya ƙaddamar da Hikayata, gasar gajerun labarai da aka kafa domin mata. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin *Sansani*. Daga 2016 zuwa 2022 an yi gwarazan mata bakwai, shida daga Najeriya, ɗaya daga Nijar: Amira Souley, wadda ta zo ta ɗaya a 2022 da *Garar Biki*. Shekarar da ta gabace ta, wata ƴar Nijar, Nana Aicha Hamissou Abdoulaye, ta zo ta biyu da *Butulci*.

Ɗaya cikin bakwai zai yi kama da kaɗan. Sai dai a tuna cewa yawancin ƴan makarantar Nijar da Faransanci suka yi karatu, da yawansu ba a taɓa zaunar da su a aji an koya musu ƙa'idojin rubutun Hausa ba. Duk da haka suka hau matakin farko da na biyu shekara biyu a jere. Marubutan suna nan. Abin tambaya shi ne ina za su kai labari na gaba.

A shekarun da ake ba da kyautar da dalar Amurka, ta ɗaya tana karɓar 2,000, ta biyu 1,000, ta uku 500. A canjin ƙarshen 2022, dalar Amurka 2,000 ta kai kimanin sefa miliyan 1 da dubu 250. Mafi ƙarancin albashi a Nijar a lokacin sefa 30,047 ne a wata, ke nan kyautar ta haura albashin shekara uku na ƙaramin ma'aikaci. Kuɗi ne mai canja wa mutum rayuwa, kuma babu ƙaramar maɗaba'ar da za ta iya gogayya da shi. Bai kamata ma ta gwada ba.

Ga wani lissafin da ya fi dacewa da ita. Ƙa'idar gasar ita ce labari ya kasance tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma bayan uku na farko akan zaɓi wasu 12 da suka cancanci yabo. Labari 15 sau kalma 1,500 ya ba da kalma 22,500. In shafi guda ya ɗauki kalma 250, an sami shafi 90: littafi guda cur, duk shekara, daga gasa ɗaya. Aikin gidan rediyo shi ne ya watsa labari a ji shi. Mayar da shi littafin da za a ajiye a laburare, a koyar da shi a aji, a kuma zauna da mai labarin kalma 1,500 har ta kai shi kalma 40,000, wannan aikin maɗaba'a ne.

1, 9 da 15,000: yadda wasu suka haɗa gasa da bugu

A Nairobi, Binyavanga Wainaina ya lashe kyautar Caine a 2002, shekara mai zuwa ya jagoranci fitar da mujallar *Kwani?*. Wannan ƙaramin gidan ɗab'i ya buɗe gasa ta cikakkun littattafan da ba a taɓa bugawa ba. Jennifer Nansubuga Makumbi ta Uganda ce ta lashe ta a 2013 da *Kintu*, aka buga shi a 2014. Shekara 1 tsakanin gasa da littafi. A 2018 ta karɓi kyautar Windham-Campbell ta dalar Amurka 165,000. Ba ƙaramin gidan ne ya ba ta wannan kuɗi ba, amma da bai buga littafin ba da masu ba da shi ba su san da ita ba.

A Najeriya, Abubakar Adam Ibrahim ya lashe gasar wasan kwaikwayon rediyo ta BBC a 2007. Ƙaramin kamfanin Parrésia ne ya buga masa tarin gajerun labaransa na farko a 2012, ya kuma buga masa *Season of Crimson Blossoms* a 2015, littafin da ya ci kyautar NLNG ta dalar Amurka 100,000 a 2016. Shekara 9 daga gasar farko zuwa babbar kyauta, kuma littafi na biyu ne ya kawo ta.

Wadda ta fi kusa da halinmu ita ce kyautar adabin Suwahili da Mukoma wa Ngugi da Lizzy Attree suka kafa a 2014 da sunan Mabati-Cornell. Jimillar kuɗinta dalar Amurka 15,000 ne, rubutun da ba a buga ba take karɓa, kuma kamfanoni irin su Mkuki na Nyota na Darussalam suna buga waɗanda suka yi nasara. An raba aiki: mai kuɗi ya ɗauki nauyin kyauta, maɗaba'a ta ɗauki nauyin littafi. A riƙe wannan rabon aiki, zai dawo a lissafin Gure.

550: masu saye a gundumar Gure

Gure, tsohuwar fadar Muniyo, tana kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa, kimanin kilomita 165 gabas da Damagaram. Gari ne na Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, inda ake jin Barbarci a gida, a ji Hausa a kasuwa da tasha. Ƙidayar 2012 ta ba Nijar mutum miliyan 17.1, jihar Damagaram miliyan 3.5, gundumar Gure kuma kimanin dubu 328.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. In aka cire su, saura kimanin manya dubu 164 a gundumar. Alƙaluman ƙasa sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku ne na manya ya iya karatu da rubutu, ke nan kimanin dubu 55. In mutum ɗaya cikin ɗari na waɗannan ya sayi littafi, an sami masu saye 550.

Wannan adadi kintace ne, kuma akwai abubuwan da ke jan sa ƙasa da masu ɗaga shi. Masu jan sa ƙasa: karkara ba ta kai birni yawan masu karatu ba, kuma iya karanta Faransanci ko Larabci bai nuna mutum ya saba da Hausar boko ba. Masu ɗaga shi: ƙidayar ta tsufa, a lokacin jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari duk shekara, abin da ke nufin ƙarin fiye da rabi cikin shekara goma sha biyu. Haka kuma rabin da aka cire ɗin nan, su ne ƴan lakwal, su ne masu karatun gobe.

In aka yi wa jihar Damagaram baki ɗaya wannan lissafi, masu karatu sun kusa dubu 590. Mutum ɗaya cikin dubu kawai ya saya, an sami 590, fiye da abin da Gure za ta bayar a ɗaya cikin ɗari.

Siyasar harshe ma tana tura adadin sama. A Damagaram aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare tun 1973. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, cikinsu har da Hausa da Barbarci. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Kamfanin Gashingo da ke Yamai ya daɗe yana buga littattafai da harsunan gida. Amma doka ba ta rubuta labari. Yaron da aka koya wa karatu da Hausa, in bai sami abin karantawa mai daɗi ba bayan littafin aji, karatun zai kwanta.

834 da 417: inda riba da asara suke haɗuwa

Alƙaluman wannan sashe misali ne na lissafi, ba farashin wata maɗaba'a ba. Kowa yana iya sa nasa a gurbinsu, tsarin ba zai canja ba.

Kuɗin littafin gasa kashi biyu ne. Akwai wanda ake kashewa sau ɗaya ko kwafi nawa za a buga, akwai wanda ke bin kowane kwafi. A gari irin Gure, wani rubutun zai zo ne cikin kaye na ƴan lakwal, da biro shuɗi, an soke layi an rubuta wani a samansa, an liƙa ƙarin takarda a gefen shafi. Wani kuma zai zo ta waya, saƙo bayan saƙo, babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ko ɗaya. Dole wani ya zauna ya shigar da shi kwamfuta, wani ya tace, wani ya tsara shafuka, wani ya zana bango, alƙalai su karanta. Mu ƙaddara duk wannan ya ci sefa 200,000, kyaututtuka ma 200,000. Kuɗin sau ɗaya ya zama 400,000. Mu ƙaddara takarda da tawada da ɗinki da kuɗin mota sun ci sefa 600 a kan kowane kwafi. A sayar da littafin jika ɗaya da rabi, wato 1,500, mai shago ya ɗauki la'adarsa 300, maɗaba'a ta karɓi 1,200.

- Kwafi 500: an kashe 700,000. Ko an sayar da su duka, 600,000 za a samu. Asarar 100,000.
- Kwafi 1,000: an kashe 1,000,000. Sai an sayar da 834 kafin uwar kuɗi ta dawo. In sun ƙare, ribar 200,000.
- Kwafi 2,000: an kashe 1,600,000. Uwar kuɗi na dawowa a kwafi na 1,334. In sun ƙare, ribar 800,000.

Darasi na farko: masu saye 550 na Gure ba su kai 834 ba. Maɗaba'ar da ta ɗauki kyauta da bugu duka a wuyanta ba za ta rayu da kasuwar gunduma ɗaya ba, sai ta kai littafin Damagaram da Mirya da Magarya da Maraɗi.

Darasi na biyu: a ninka kyautar ta koma 400,000 don a burge jama'a, sai kuɗin bugun kwafi 1,000 ya zama 1,200,000. Ke nan sai an sayar da kowane kwafi, ba ko ɗaya da ruwa ya taɓa ko gara ta ci, kafin a tashi ba riba ba asara. Ribar 200,000 da ta ɓace kuwa ita ce daidai kuɗin tacewa da tsara littafi na gaba. Manomin da ya dafa irinsa ranar biki ya ƙoshi, amma ba shi da abin shukawa in damina ta faɗi.

Darasi na uku shi ne mai faranta rai. In wani ya ɗauke nauyin kyautar 200,000, kamar yadda ake yi a gasar Suwahili, bugun kwafi 500 zai koma 500,000, uwar kuɗi ta dawo a kwafi na 417. Wannan adadi yana ƙasa da 550. Da tallafin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na kyautar farko ta Hikayata ba, gasa da littafinta za su iya tsayawa da ƙafarsu a cikin gundumar Gure kaɗai.

Saura batun farashi. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 a wata, wato 1,400 a rana. Littafin 1,500 ya ɗara ladan yini guda, kuma yawancin mutanen Gure manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa, ba masu albashi ba. Shi ya sa sayen makarantu ke da muhimmanci: makaranta 40 kowace ta ɗauki kwafi 10, an sami 400, saura 17 a kai gaci. Kwafin da ya shiga makaranta kuma ba mutum ɗaya ke karanta shi ba.

400 da 1,000: nisan maɗaba'a

Daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Daga Gure zuwa Kano ta Damagaram kimanin 400 ne. Injinan buga littafi na Kano sun fi na babban birnin ƙasa kusa da Gure fiye da ninki biyu, kuma a can masu sarin littafin Hausa suka fi yawa. Nijar ba ta da gaɓar teku, takardarta daga waje take zuwa, don haka kowane kilomita yana hawa kan waccan sefa 600.

Kusancin yana da nasa hatsarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ta ba sai Maris na 2024. Naira, wadda a canjin gwamnati ba ta kai 500 a kan dalar Amurka ba a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Mai riƙe da sefa yakan ji sauƙin aiki a Kano in naira ta faɗi, sai dai takardar Kano ma da dala ake shigo da ita. Maɗaba'ar da ke son ta cika alkawarin bugu duk shekara tana bukatar hanya biyu: Kano in iyaka a buɗe take, Damagaram ko Yamai in an rufe.

Alƙaluma huɗu da za a riƙa nema

Daga duk abin da ya gabata, gasar da ƙaramar maɗaba'a za ta riƙe a Gure, ko a kowane gari mai kama da ita, ya kamata a auna ta da abubuwa huɗu, a kuma bayyana su ga jama'a duk shekara.

Na ɗaya, rubutu nawa ya shigo, daga ina, mata nawa, maza nawa, da wane harshe. Gasar da za ta dace da Gure ita ce wadda za ta karɓi Hausa da Barbarci, ta karɓi boko da ajami, ta karɓi rubutun hannu, domin duk sharaɗin da ya ce sai an turo ta intanet ya riga ya cire yankunan karkarar gundumar irin su Bune da Kelle da Alakos kafin alƙalai su zauna.

Na biyu, wata nawa aka yi tsakanin sanar da sakamako da fitowar littafi. Gasar 1933 ta cika cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ta 1978 cikin biyu, ta Nairobi cikin ɗaya. Abin da ya wuce shekara biyu ya fara zama alkawarin da aka manta.

Na uku, kwafi nawa aka sayar, ba nawa aka buga ba, kuma nawa ne ya koma aljihun marubuci daga cinikin.

Na huɗu, cikin waɗanda aka buga wa labari, mutum nawa ne ya fitar da wani littafi cikin shekara uku. Wannan shi ne ma'aunin da ya fito da Imam, ya fito da Sulaiman Ibrahim Katsina, ya fito da Abubakar Adam Ibrahim. Ba ya ƙaruwa da kansa. Yana ƙaruwa ne in edita ya ɗauki waya bayan biki ya tambayi marubuciya ina aka kwana a kan sabon labarin, ya karanta babi na farko, ya mayar mata da gyara.

Abin da ake nema daga waje ba shi da yawa. Ma'aikatar magajin gari, ko ɗan kasuwa, ko ƙungiyar ƴan asalin Gure mazauna Yamai da Kano, duk wanda zai ɗauki kuɗin kyauta shekara uku a jere, ya bar wa maɗaba'a aikin littafi, ya kuma nace sai an nuna masa waɗannan alƙaluma huɗu a ƙarshen kowace shekara, zai bar wa gundumar littafi uku da marubuta arba'in da biyar da suka ga sunansu a buge, in kowane littafi ya ɗauki labari 15. In biyu kaɗai daga cikinsu suka ci gaba da rubutu, kuɗin bai tafi a banza ba.